Romon Adawiyya

Labbo na Kamarawa manomi ne idan ruwa ya sauka, amma in ka tambaye shi sana'arsa, fatsa zai ce maka. Shekara arba'in yana zama bakin gulbi da ƙugiya da gwangwanin tana. Masu haƙar gaiwa cikin busasshiyar laka kuwa, ba ya lissafa su cikin masunta. Cewa yake yi manoma ne da suka ɓata hanyar gona.

Yana da wata al'ada da ba wanda ya ɗora masa. Duk 'yarsa da ta haihu, romon farko da za ta sha na kifin da ya kamo da hannunsa ne. Huɗu sun sha. Sai auta, Adawiyya, ta yi aure a Sabon Birni, ta kuma haihu tsakiyar bazara, lokacin da gulbi ya zama yashi har yara na buga ƙwallo a cikinsa. Ta aiko masa da magana ɗaya: kada a ce ita kaɗai aka tsallake.

Ya hau mota ya sauka garin da bai san ruwansa ba. Bai tambayi surukinsa ba, don kunya. Bai tambayi masunta ba, don ya san halinsu, shi ma bai taɓa faɗa wa baƙo gaskiya ba. Sai ya ɗaga kai ya bi balbelu.

Da hantsi suka kai shi wani tafki a inuwar giyayya, kifi na ta tsalle, ba kowa a wurin. Labbo ya tausaya wa mutanen garin da Allah ya ba arziki ya hana su ido. Ya ga wata sanda a kafe, an ɗaura mata kaba, ya rataye rigarsa a kai. Kafin azahar tarwaɗa uku na iyo a cikin ƙwaryarsa.

"Baƙo, sannu da aiki," in ji wani dattijo daga bayansa. "Rigarka ta ga bisa dokata?"

Is'haƙa ne, Sarkin Ruwan yankin. Sandar nan alama ce cewa an rufe tafkin sai ranar su, ranar da kowa zai shiga tare. A garin su Labbo kuwa, shela ake yi a kasuwa.

"Sarki, mu can da baki muka hani. Ina ni ina karatun kaba?"

"Ai ka karanta, har ka yi mata lulluɓi. Maida su."

Labbo ya yi bayanin mai jego. Sarkin Ruwa ya saurara har ƙarshe, ya yi wa jaririya addu'a, ya sake cewa a maida su. Labbo ya tuntsurar da ƙwaryar yana kallon wani gefe.

"To, ruwa ni hana, ban hana laka ba," in ji Is'haƙa. Ya miƙo masa fartanya, ya nuna masa gefen da ya bushe ya tsattsage. "Nemi 'yar ƙofa kamar ta gyare. Tana nan ƙasa tana kwana."

"Ni? Gaiwa?"

"Ɗiyar taka sunan kifi za ta sha ko romo?"

Labbo ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga ɗan Kamarawa ko ɗaya ba. Ya duƙa. A rami na shida ya fito da ita, naɗe cikin laka, mai kaurin damtse.

Da la'asar aka kai wa Adawiyya kwano. Yana zaune a zaure aka dawo da shi wayam, tare da saƙo: ta ce na yayyenta bai kai wannan maiƙo ba, wane irin kifi ne?

"Ku ce mata na Sabon Birni na," in ji Labbo, yana ɓoye tafin hannunsa da ya yi kanta.