Fensirin Baba Akawu

Shagona na kwafin takardu yana ƙasan bene, ofishin lauya yana sama. Shekara goma sha tara ke nan da takun Baba Akawu a matakala nake gane lafiyar ofishin. In ya sauko kai tsaye, lafiya lau. In ya tsaya a tsakiya yana gyaran murya, to akwai magana.

Baba ya shiga ofishin nan tun yana da gashi. Da tsohon Barista ya rasu, ɗansa ya gaji kujera, ya gaji fanka mai kuka, ya gaji Baba. Baba ne ya riƙa kai ɗan makaranta a keke yana yaro. Har yau in da mutane "Barista" Baba yake ce masa, in su biyu ne kuwa, "Ɗana."

Littafin cek biyu ne a durowar Baba. Ɗaya na ofis, ɗaya na asusun amana, inda lauya ke ajiye kuɗin mutanen da yake wa aiki, wanda ko sisi ba nasa ba ne. Na amanar kuwa, Baba ya ɗaure shi da jar roba. Duk cek ɗin da aka yage, sai ya juya guntun da ya rage a littafin ya rubuta da fensir: kuɗin wa, an ba wa, don me.

Na sha ce masa, "Baba, ranar da ka mutu mala'iku hutu za su yi, ka riga ka rubuta musu komai."

"Kai dai yi ta kwafi," in ji shi, "tunda ba ka taɓa rubuta naka ba."

Ga yadda abin ya faru. Wata tsohuwar nas ta sayar da gidanta, kuɗin yana asusun amana kafin a gama takardu. Akwai kuma wani mai walda da inji ya murƙushe wa hannu, Barista na nema masa diyya, a makon asibiti suka ce sai an biya za a yi aiki. An yi alkawarin diyyar za ta shigo ranar Juma'a. Barista ya ce a kwance jar roba. Juma'a ta zo ta wuce, ta turo ƙannenta bakwai, diyya shiru. Nas ta zo karɓar kuɗinta sau uku ana ce mata gobe. Mai aikin allura ba ta san gobe ba. Ta kai ƙara kwamitin ladabtar da lauyoyi, waɗanda in sun ga dama su soke sunan mutum daga aikin har abada.

Saura kwana uku kwamitin ya zauna, na ji Baba ya tsaya a tsakiyar matakala. Ya daɗe. Ya shigo ya zauna a bencina, littafin rungume a ƙirji.

"Ɗana ya ce in ce kuskure ne. Wai idona ya yi rauni, na ɗauko na amana a maimakon na ofis. Ya ce kuskure gargaɗi kawai ake yi."

"To sai me, Baba? Tsufa ai ba laifi ba ne."

Ya buɗe littafin ya juyo min bayan guntun. An rubuta: "Kuɗin Nas. An ba asibiti don hannun mai walda. Na ce a'a. Barista ya ce Juma'a." Sai ya ciro magogin fensir sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Da safe ya tarar da shi a kan teburinsa, ba wanda ya ce masa komai.

Na nemi abin dariya na rasa. Da ƙyar na ce, "Shekara talatin da tara kana rubutu da fensir, ba ka da magogi? To me ya hana ka biro?"

"Biro yana ɓata aljihu." Ya rufe littafin. "A ce na tsufa, wannan bai dame ni ba. Amma rantsar da ni za su yi. In kuma na bar rubutun nan, ni da na kai shi makaranta ni zan tuɓe masa rigar lauya."

Kwana ukun nan Baba bai ci abin kirki ba. Matarsa ta kira ni ta ce, "Ƙanena, me kuka yi wa Malam? Yana zaune ya zuba wa bango ido kamar talabijin."

Ranar zama na kulle shago na bi shi riƙon jaka. Dogon baranda, kujerun roba, agogon bango ya mutu. Barista ya jiƙe da gumi cikin kwat. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, an gyara?"

Baba ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa magogin a ledarsa. "Ɗana, ka manta wannan a teburina."

Awa biyu suna ciki, ni ina waje ina ƙirga tayil. Da suka fito na ji hukuncin: dakatarwa wata goma sha takwas, kuma ya biya Nas daga aljihunsa. Baba ya ce shugabar kwamitin ta karanta guntun sau biyu, ta ce layin "na ce a'a" shi ya kayar da Barista, layin asibiti kuma shi ya hana su soke sunansa. Barista ya wuce mu ya shiga mota bai waiwayo ba.

Wata huɗu ke nan ofis a kulle. Baba yana zama a shagona yana jera min takardu, ya kuma fara rubutu a bayan rasitaina. Jiya na ga ya sa: "Kwafi shida. Ya ba budurwa kyauta. Na ce a'a."

Barista bai kira ba, bai aiko ba. Na ce, "Baba, in ya buɗe ofis bai neme ka ba fa?"

"Saura wata goma sha huɗu," ya ce, yana fiƙe fensir.

Amma da an taka matakala, ko mai shara ce, sai ya ɗaga kai ya daina numfashi har takun ya wuce.