Kuɗin Rumawa a Ƙarƙashin Rumbun Baba

Edita, ina yi maka sallama. A lokacin da wannan abu ya faru, ni ɗalibi ne mai karatun tarihi a jami'a, ina haya a Rijiyar Zaki, ina ganin duk ƙauyenmu na wajen Kunci babu wanda ya kai ni sanin duniya. Wani abokina mai zuwa ci-rani Libiya ne ya fara kawo mini tsohon kwabo na tagulla, ya ce a kufai ake tsintar irinsa. Da na duba sai na ga kan wani sarkin Rumawa ne a jiki. Tun daga ranar abin ya shiga raina, na ƙudura sai na haɗa sarakunan gida guda, uba da 'ya'yansa, kowa da kwabonsa. Shekarun tsada ne, mutane na neman abin kai wa baki, ni kuwa ina hana cikina don in sami fuskar wani mamaci mai dogon hanci.

Matsalar ita ce mahaifina. Malami ne, ba ya barin hoton mai rai a gidansa, ko kalanda aka kawo sai an yanke fuskokin. Ɗakin hayata kuma ɓarayi sun taɓa shiga. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na sa baduku ya ɗinka wa kowane kwabo 'yar jakar fata don kada danshi ya ci shi, na zuba su a ƙaramar tukunya, na toshe bakinta, da na je hutu na binne a ƙarƙashin rumbunmu. Ko sau ɗaya ban tsaya na kalli wannan abu da idon mutanen garinmu ba.

Daminar ta yi gardama, gero bai yi ido ba, saniyarmu ta mutu, ƙafar Baba ta kumbura. Gara ta ci gindin rumbun, yayana ya shiga tono don gyara, sai ga tukunya cike da abubuwa kamar layu. Aka farke ɗaya, aka ga kan mutum da baƙon rubutu, duk ya yi kore. Nan take kowa ya ce sammu ne, an gano abin da ke cin gidan. Wanda kuwa ya gina mana rumbun, maƙwabcinmu ne, aminin Baba tun suna yara, mutumin da ke shiga gidanmu har tsakar gida. Aka ɗora masa laifin, babu wanda ya nemi wata shaida.

Ko da na dawo an riga an jefa su a wuta, an yi addu'o'i. Inna ce ta ba ni labari, tana godiya ga Allah da ya tona asirin mugu. Na buɗe baki, sai na hango fuskar Baba idan ya ji ɗansa ne ya ajiye masa gumaka a ƙarƙashin abincinsa, na haɗiye maganar. Na ce a raina sai ya ji sauƙi tukuna. Tsoro ne kawai, ba wani tausayi ba. Baba bai taɓa faɗa wa amininsa komai ba, amma ya daina zama a tabarmarsa bayan la'asar, in aminin ya zo dubiya sai a ce masa Malam na barci. Yayana kuma ya yaɗa maganar a kasuwa, har aka daina kiran dattijon aikin rumbu, a shekarar da aikin ne cinsa da shansa.

Baba bai ji sauƙi ba. Ranar da ya rasu, dattijon nan ne ya fara isa maƙabarta da diga, amma da aka zo salla sai ya koma sahun ƙarshe. Bayan an share makoki na same shi na faɗa masa komai, sannan na tara 'yan gidanmu na maimaita. Bai zage ni ba, ya ce ya yafe, maganar gari kuma ba ta dame shi ba. Abu ɗaya yake son sani, ko Malam ya tafi yana ganin shi ya yi masa wannan abu. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Ya gane amsar, sai ya ce in gaida Inna.

Sunansa ya wanku a gari, amma wanda yake so ya ji gaskiyar ba ya nan. Ban ga laifin son kayan tarihi ba har yau, ɓoyon da shirun ne suka yi ɓarna. Duk mai wani abu da yake ganin iyayensa ba za su fahimta ba, ya nuna musu ya sha faɗan, faɗa yana wucewa. In kuma ka ga ana ɗora wa wani laifin da ka san naka ne, ka yi magana a ranar, tun wanda ya kamata ya ji yana da rai.