Jawabin da Minista Bai Duba Ba

Tun tana 'yar jarida ake kiranta Uwar Tambaya, don idan ta tasa mutum gaba da biro da ɗan littafinta, sai ya gwammace ciwon haƙori. Shekara goma sha takwas ta yi a wani ofishin jarida mai fanka ɗaya kafin ta tsaya takarar kansila. Karon farko ta sha ƙasa, mijinta ya yi wata guda yana ce mata "ranki ya daɗe" don tsokana. Karo na biyu ta ci. Amma zaman majalisa ya gundure ta, surutu ya fi aiki yawa. Wa'adinta na ƙarewa ta zama daraktar watsa labarai a ma'aikatar ruwa.

Ana nan sai yaran wata unguwa suka kama gudawa, gwaji ya nuna bututun ma'aikatar ne ya fashe cikin kwata. Minista ya aiko a rubuta masa jawabi, a ce ruwa lafiya lau. Haba! Ita da ta ga yaran da idonta a asibiti, biyu-biyu a gado ɗaya? Ta san idan ta ƙi, kujerarta ta tafi. Idan kuma ta rubuta, iyaye za su ci gaba da ɗura wa 'ya'yansu ruwan nan.

Ta zauna ta rubuta gaskiya tsantsa: bututu ya fashe, kada kowa ya sha ruwan famfo, tankokin ruwa za su iso kafin la'asar. Ta kai masa da hannunta.

"Yallaɓai, ka duba kafin ka fita. Ba abin da ka ce ba ne."

"Ke dai kawo, 'yan jarida na jira," ya ce, waya a kunne.

Yana karantawa a gaban 'yan jarida, sai a layi na uku ya gane abin da ta rubuta. Ya ɗago ya harare ta, amma ga kyamarori sun zuba masa ido. Haka ya daure ya karanta har ƙarshe. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Ya kira ta ofis don ya kore ta, sai dai wayoyin yabo ba su bar shi ya buɗe baki ba. Dole ya tura tankokin, tunda da bakinsa ya yi alkawari.

Ta ƙara shekara tara a kujerar kafin ta yi ritaya. Yaran kuwa, su arba'in da ɗaya, babu wanda aka rasa. Ranar da aka sallami ta ƙarshensu daga asibiti, Uwar Tambaya ta kulle ofis ta yi kukan murna.