Kawu Amândio da Zanen da Ya Bar Mini a Kan Allo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawu Amândio Vala a rumfarsa ta gyaran allunan hawan igiyar ruwa da ke bakin tekun Baleal. Shekararsa sittin da tara. Matarsa, Dona Idalina, ta kai masa kofi ta same shi zaune a kan benci, samfefar goge allo a hannu, kamar mai tunanin ta inda zai fara. Labarin ya same ni a kamfanin kifin gwangwani, ina tsaye a layin yanke kawunan kifi. Na cire safar hannu, na rasa inda zan nufa, na sake sa ta.

Kawu, ni ne Belmiro, ɗalibinka mafi tsufa kuma mafi daƙiƙanci. Aji huɗu na yi a makaranta, malamar ma ta yi murna da tafiyata. In rubutun nan ya karkace ka yi haƙuri, ai ka saba ganina a karkace.

Ka san tarihina, amma masu karatu ba su sani ba. Ina ɗan shekara tara teku ya ci mahaifina da jirginsa na kamun kifi. Ba a ga gawa ba. Mahaifiyata ta kai ni coci, ta sa na rantse ba zan taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Na cika alkawari. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina aiki a ɗaki guda, taga guda ce a gabana, ita ma teku take kallo. Ruwa a gabas, ruwa a yamma, ni a tsakiya ina warin kifin da ban taɓa kamawa ba.

Kai ne ka fara huda katangar gidanmu. 'Yata Celeste tana shekara sha biyu ka gan ta tana leƙen rumfarka, ka zo neman izini wurin kakarta. Tsohuwa ta kore ka da tsintsiya. Washegari ka dawo da kifi biyu manya, ka zauna a ƙofar gida kana gyara su ba wanda ya gayyace ka. A rana ta huɗu ta leƙo ta ce, "Ubanta ne ya rantse, ita ba ta rantse ba. Amma in ta nutse, kai ma kada ka fito." Ka ce kun daidaita. Yau Celeste tana da shekara ashirin, ita ke koyar da baƙi. Ni kuwa shekara biyar na yi a kan yashi riƙe da tawul, har ka raɗa mini suna Ministan Tawul.

Ba mu kaɗai ka yi wa haka ba. Rabin 'ya'yan masuntan garin nan a hannunka suka koyi iyo, waɗanda iyayensu suka shekara arba'in a teku ba su iya ba. Mutum nawa ka jawo daga bakin mutuwa, kai kanka ka daina faɗa. Ranar Asabar tukunyar miyar kifinka ba ta da mai ita, duk wanda ya fito daga ruwa yana rawar sanyi tasa ce.

Da mahaifiyata ta rasu shekara uku da suka wuce, ka bari aka yi wata guda, sannan ka aiko mini da dogon allon nan ruwan ɗorawa da rigar roba. Ka ce, "Rantsuwa ta bi mai ita, Minista. Aro na ba ka." Ban gaya maka ba a lokacin, rantsuwar ce kawai ta tafi. Tsoron yana nan, ya ma ƙara ƙiba kamar ni.

Shekara uku na yi a cikin kumfa, inda igiya ta riga ta fashe, ruwa iya ƙugu. Baƙi 'yan Jamus su zo ranar Litinin, Juma'a sun miƙe tsaye, Lahadi sun koma ƙasarsu da hotuna. Ni ina nan. Kai kake riƙe wutsiyar allon ka tura ni, in tafi a kwance kamar buhun dankali.

Kai ka gano ciwona. Ɗan masunci ya san abu ɗaya tun yana goye: goshin jirgi ya kasance a sama, nauyi ya koma baya, in goshi ya nutse an gama. To duk sanda na ji igiya ta taso a bayana, sai jikina ya ja da baya a kan allon ba tare da ya shawarce ni ba. Hancin allo ya ɗaga, wutsiya ta nutse, igiya ta bi ta ƙarƙashina ta wuce abinta. Ka ce, "Belmiro, wannan ba jirgin babanka ba ne. Jirgi gudun igiya yake yi. Kai so kake ta ɗauke ka." Ka ɗauki baƙin alƙalami ka ja layi a kan allon. Nan haɓata za ta tsaya, hancin allo ya tashi yatsu huɗu kawai daga ruwa. Ƙafafu a haɗe. Dogon allo nauyi gare shi, saboda haka a fara tuƙi da wuri, hannu ya shiga ruwa sosai, ba fantsama irin ta kazar da ta faɗa rijiya ba. A waiwaya sau ɗaya tak. In ka ji ta ɗaga ka, kada ka yarda da ita tukuna, ƙara tuƙi uku. Na haddace duka. Da a ce da baki ake hawa, da na ci kofin duniya.

Ranar Lahadi aka yi maka abin da mahaya igiyar ruwa ke yi wa mamacinsu: a tuƙa zuwa bayan inda igiya ke fashewa, a yi da'ira, a watsa furanni. Ban taɓa zuwa can ba. Na yi niyyar tsayawa a yashi da tawul, Celeste ta miƙo mini fure ta ce, "Baba, sa a baki ka kwanta a kan allo." Muka bi ta gefen duwatsu, inda ruwa ke jan mutum waje da kansa. Fita ba wuya ashe. Mun kai mutum sittin. Muka riƙe hannu, aka kira sunanka, muka daki ruwa. A ƙarƙashina ruwan baƙi ƙirin, wanda ya riƙe mahaifina shekara arba'in da uku.

Sai aka fara komawa, kowa ya kama igiyarsa, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ya fito da ni ba ya mayarwa. Hanyar gida ɗaya ce, ita ce wadda na kasa shekara uku. Igiya biyar suka wuce ta ƙarƙashina, kowace na ja baya. Hannuwana suka mutu, sanyi ya shiga ƙashi. Saura ni da Celeste.

Na ce, "'Yar nan, ɗan tura tsohonki mana."

Ta ce, "Kawu ya hana ni. Tun bara ya ce ranar da ka fito nan, kada in taɓa allonka."

"Ai ba ya gani."

"Kai kana gani. Ga layin can, haɓarka tana taƙi guda a bayansa."

Na matsa. Kawu, wurin nan da ka zana kamar bakin kabari yake, ruwa dab da hancina. Ta shida ta taso, na fara tuƙi da wuri, na waiwaya sau ɗaya. Ta ɗaga ni, allo ya sunkuya, duk jinin masunta da ke jikina ya ce in koma baya. Na danna haɓa a kan layinka. Ɗaya, biyu, uku. Sai tuƙi ya ƙare, allon ya tafi da kansa, ba hannun kowa a wutsiyarsa.

Ba zan yi maka ƙarya ba kana gaban Allah: ban miƙe ba. A gwiwa na iso, har gaban Dona Idalina da ke tsaye a yashi cikin baƙaƙen kaya. Ta dube ni, ta share ido, ta ce, "Ya ce ranar da ka hau a tsaye, allon naka ne. A durƙushe ka zo, Belmiro. Aro ne har yanzu."

Litinin na koma layin yanke kawuna, taga tana nan inda take. Allon yana jingine a zaurena, ba nawa ba, ba kuma wanda zan mayar wa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dona Idalina, da ɗansu Valdemar da ya taso daga Faransa, da duk wanda ya taɓa shan miyar Asabar. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Kai kuma Kawu, Allah ya ji ƙanka, ya yafe kurakuranka, ya saka maka da kowane rai da ka fitar daga ruwa, ya ba ka hutu a wurin da ba sanyi. In ka haɗu da mahaifiyata, kada ka gaya mata inda na je ranar Lahadi. In kuwa mahaifina ka gani, ka ce masa na shiga, kuma na fito.