Ƙarfe-Nawa da Jinin Ƙaninta

A asibitin nan babu mai kiranta da sunanta na yanka. Ƙarfe-Nawa ake ce mata, kuma tana amsawa. Da wankin kwalabe ta fara a ɗakin gwajin jini, tana 'yar shekara goma sha tara, bayan mahaifinsu ya rasu ya bar mata ƙanne huɗu. Ta yi karatun yamma, ta samu takarda, ta hau kujerar da ke gaban na'ura, yau shekara ashirin da bakwai ba ta sauka ba. Gajeriya ce, ga kaifin baki, ba ta kuma iya shiru a kan abin da ta sani ba.

Laƙabin daga aikinta ya samo asali. Duk jinin wanda ya bugu a ciki, ba ta karɓa sai an gaya mata ƙarfe nawa abin ya faru. Akwai wata 'yar tsoka kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin da ke narka maiƙo. In ta ji rauni, sinadarin yakan tsiyaya cikin jini, amma ba nan take ba, sai an ɗauki awanni. Takan ce jinin da aka ɗiba da wuri bai ji labari ba tukuna. Nas-nas suna kwaikwayon muryarta a bayan idonta, ta sani, ko a jikinta.

Wata Talata da safe aka kawo ƙaninta, autansu, kafinta ne mai 'ya'ya biyar. Katako ya kuɓuce daga injin yanka ya doke shi a saman cibiya da ƙarfe tara. Tara da minti arba'in aka ɗebi jininsa. Ita ta gwada da hannunta, ya fito lafiya lau. Hoton ciki na farko ma bai nuna komai ba, sai likita, wani sabon zuwa mai ladabi, ya rubuta sallama.

Ta iske auta zaune a bakin gado yana gyara riga, matarsa na tsaye da jaka.

"Yaya, kin gani ko? Ni fa na ce ba komai. Ƙofofi shida ke jirana a shago."

"Su jira. Ƙofa ba ta da ƙafa."

Ta juya wajen likita. "Likita, ni na yi gwajin nan, ni kuma nake ce maka kar ka yarda da shi. Minti arba'in ne. A ba ni shi zuwa uku da rabi in sake ɗiba."

Likita ya dubi takarda, ya sake danna cikin auta, ya ga ya cije leɓe. Ya soke sallamar. Auta kuwa ya ce shi ba wanda zai tsare shi, ai ba yaro ba ne. Ba ta yi musu da shi ba. Ta sunkuya ta kwashe takalmansa, ta kai ɗakin gwaji ta kulle a durowa.

"Yaya, da furfurata?"

"Ni na yi maka wanka kafin ka san furfura. Kwanta."

Matarsa ta kau da kai tana dariya. Ya kwanta yana ƙunƙuni, zuwa azahar ƙunƙunin ya ragu, ya koma lanƙwashe ƙafafu yana cewa bayansa ne ke ɗan ciwo.

Uku da rabi ta ɗiba. Ta juya jinin a inji, ta sa a na'ura, ta tsaya a kai. Lambar da ta fito ta ninka ta safe sau biyar. Ta yi gaskiya a kan mutane da yawa a rayuwarta, kuma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗin hakan. Ranar kam tsoro ne ya kama ta, ta so a ce ita ce ta yi kuskure a yi ta yi mata dariya har ta bar aiki.

Ba ta zauna ba. Da kanta ta kai wa likita takardar, aka yi babban hoton ciki, aka ga tsokar ta tsage. Ana tura auta ɗakin tiyata ya kama gefen farar rigarta.

"Yaya, kar ki tafi."

"Ina za ni? Ina nan bakin ƙofa."

Awa uku tana tsaye. Da likitan tiyata ya fito ya ce an yi nasara, an kama abin da wuri, sai ta gyaɗa kai, ta riƙe matar auta har ta daina kuka, ta aika a gaya wa yara babansu ya tashi. Sannan ta shiga ɗakin gwaji, ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa ta yi nata kukan.