Shuɗin Fis Mai Lamba Sha Biyar

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Yuli na 2014, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe. Mu biyar ne a shagon kayan gyaran mota da ke wani lungu kusa da Fordham Road: ni a bayan kanta, da Alhajin da ke da shagon, mutumin Damagaram, da direbobin tasi biyu da suka shigo shan sanyi, sai dattijon da kowa ke kira Masta.

Kafin in zo Amurka na daɗe ina karanta labarai a rediyo. A shagon aikina bai wuce in duba lamba in miƙa kaya ba, amma ɗabi'ar tsohon aikin ba ta sake ni ba. In abu ya faru sau uku a gabana, sai na san dalilinsa.

Masta mutumin Zangon Kumasi ne, ya haura sittin. Shekara talatin ya yi yana gyaran wayar mota a can, kuma sunan da yaran garejinsa ke kiransa da shi ne ya biyo shi har Bronx. A nan yana da wata tsohuwar farar motar kaya mai rufaffen baya, da ita yake kwasar gangunan da mutanenmu ke cikawa su aika gida. In an tambaye shi masaukinsa sai ya ce Stapleton, wurin ɗan ƙanwarsa. Ba wanda ya taɓa zuwa. Sai an hau jirgin ruwa, kuma ba mai wannan lokacin.

Fis bai fi farcen babban yatsa girma ba: 'yar roba ce mai ƙafa biyu na ƙarfe, da siririn zare a tsakiya. In wuta ta yi yawa, zaren ke tsinkewa kafin wayar motar ta ɗau zafi. Launi ke nuna ƙarfinsa. Ja goma, shuɗi sha biyar, rawaya ashirin, kore talatin.

Tun shigowar zafi Masta yake sayen shuɗi, ƙunshi mai guda biyar, kusan duk kwana goma. Kullum kuma na ramin caja na cikin mota ne. Direban da wayar salula kawai yake cajawa yakan shekara bai canja wannan fis ba. Abin da ke kashe shi a kai a kai shi ne abu mai dafa ruwa.

Mako biyu kafin wannan Asabar, ya manta tabaransa, ya roƙe ni in fito in karanta masa lambobin da ke murfin akwatin fis, a ƙarƙashin sitiyari. Na durƙusa. Daga nan ƙasa ana ganin abin da ke bayan labulen da ya raba kujeru da wurin kaya: katifa a naɗe, butar alwala, 'yar fanka, butar shayi mai waya, da riguna uku a rataye, a goge. Na ɗago, muka haɗa ido. Na ciro mataccen, na nuna masa zaren da ya tsinke, na tura sabo. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar ɗin kore ya nema. Na ce masa wayar ramin ta sha biyar ce, in ya sa talatin fis ɗin zai tsira, wayar ce za ta narke. A hankali na faɗa, yadda direbobin ba za su ji ba.

Shi ne ya ɗaga murya. Ya juya wajensu yana dariya, ya ce a Kumasi wa ke sayen wannan roba. Silin tagulla ɗaya ake zarowa daga tsohuwar waya a haɗa bakin biyu a madadin fis, mota ta je Tamale ta dawo. Ya ce ya yi wa manyan motoci waya tun ina rarrafe.

"Ɗana, kai murya aka koya maka," ya ce. "Ba ni abin da na ce."

Direbobin suka yi dariya. Ɗayan ya ce, "Mai labarai, yau kai aka karanta."

Ba wani babban zagi ba ne. Na sha jin wanda ya fi shi a bayan wannan kanta. Na ajiye masa koren a gabansa, na gyara murya, na sauke ta inda nake sauke ta a da in jar fitilar ɗakin karanta labarai ta kama.

"Ga labarin. Fis ɗin motar Masta ba a kan hanya yake mutuwa ba, a tsaye yake mutuwa. Butar shayi ce ke kashe shi, da fanka. Katifar tana bayan labule. Masu son kai masa ziyara ba sai sun hau jirgin Stapleton ba, yana nan bakin titi."

Babban direban ya tambayi Masta ko ranar sharar titi, da ake hana ajiye mota a gefe ɗaya, gidan nasa ma yakan tashi ya koma tsallake. Ɗayan ya ce a ba shi lambar motar, don ya san inda zai kai gaisuwar salla. Suka ci gaba, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Alhaji yana jera galan-galan na man inji. Ya ce su bari haka nan, amma bai juyo ba, kuma na ga kafaɗarsa tana motsi.

Masta ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Bai kalli direbobin ba.

"Ranar nan da ka duba mini fis, na ɗauka ɗa na kira," ya ce mini.

Ya bar koren a kan kanta ya fita.

Kafin Juma'a ta zagayo, labarin ya gama masallaci. Aka gano cewa an sayar da ginin da yake haya tun cikin sanyi, kuma ɗan ƙanwar ya bar Stapleton shekara biyu da suka wuce. Wasu suka yi masa tayin ɗaki, amma a tsakiyar jama'a suka yi, da murya mai ƙarfi. Ya ce musu yana da wurin kwana. Direbobi suka sa masa suna Maigida Mai Taya Huɗu.

Bai sake shigowa shagon ba. Akwai wasu shaguna a titin, fis kuma ba abin wuya ba ne, sai dai bai je ko ɗaya ba. Ƙaramin direban ne ya same shi wata rana kwance a ƙarƙashin sitiyari da filaya a hannu. Masta ya nuna masa aikin da kansa. Da farko sili ɗaya ya sa, irin na gida, wanda yakan tsinke in wuta ta yi yawa. Butar ta tsinka shi. Ya sa uku, ta tsinka. Sai ya murɗa guda takwas wuri ɗaya. Ya ce wa direban ya gaya wa mai labarai cewa ba ya bukatar robarsa. Direban ya isar da saƙon yana kwaikwayon Hausarsa ta Zango, aka sake dariya. Na ce abin zai kama da wuta. Na faɗa wa direban, ban je na faɗa wa Masta ba, ko da yake motar tana layi na biyu daga shagon.

Ranar wata Talata a watan Agusta ya ɗora ruwan shayi, aka kira la'asar, ya rufe mota ya shiga masallaci. Kafin a sallame hayaƙin motar ya cika layin. Fasfonsa da takardun zamansa da akwatin kayan aikin da ya taho da shi daga Kumasi duk suna ciki, tare da gangunan mutane biyu.

Ya riƙa kwana a ɗakin ƙasa na masallacin har ƙarshen sanyin shekarar. Bai sake tuƙi ba.