Bisimilla a Kan Ƙullin Zogale

Malamin da ya koya mini riƙon alƙalami, Allah ya jiƙansa, bai yarda a fara rubutu babu Bisimilla ba. Ko wasiƙar gaisuwa ce, ko sunayen mutanen da za a kira walima, sai sunan Allah ya hau sama tukuna. Hannuna ya saba da haka har ya zama ba na jin fitarta. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, Ajami shi ne rubutuna, da shi nake komai.

Sana'ata garin zogale. Ina da wani aboki mai lambu a Jiratawa, shi ke tsinko ganyen, iyalinsa su shanya a inuwa, ya aiko mini Maraɗi a buhu. A gidana a daka, a tankaɗe, in ƙulla a ƴan ledoji in kai rumfata da ke bakin kasuwa. Cikin kowane ƙulli ina sa ƴar takarda kamar faɗin tafin hannu, mai bayanin yadda ake sha: cokali ɗaya a kunu bayan an sauke, kada a tafasa shi, a ajiye inda rana ba ta kai. A saman takardar kuwa Bisimilla, cikakkiya.

Shekaru na yi a haka ban ga aibu ba. Masu saye kaɗan ne, yawancinsu tsofaffin da muke sahu ɗaya a masallaci da matansu. In garin ya ƙare, sai su cusa takardar a tsagar bango ko su ƙone ta. Ban taɓa ce wa kowa ya yi haka ba, kowa ya sani.

Ina da ƙanwa da ke zaune a unguwar Zariya, tana sayar da atamfa da turaren wuta, kuma ba ta da rumfa ko ɗaya, duk cikin waya take cinikinta. Wata rana da hantsi ta biyo ta wurina, ta tarar ina korar ƙuda.

Ta ce, “Yaya, kai har yau jira kake mutane su biyo ta gabanka? Kasuwa ta koma cikin waya.”

Na ce, “To, in tattara in shiga wayar in zauna?”

“Da wannan rawanin ba ka shigewa. Ɗauki alƙalaminka dai ka rubuta, ni in ɗauka a waya.”

Na yi mata yadda take so don ta bar ni in huta. Ta ɗauki hannuna yana tsoma alƙalamin kara a tawada, yana jan harufa, ta ɗauki koren garin a faifai, ta sa na faɗi amfaninsa da bakina. Ta tura hoton bidiyon ga ƙungiyoyin matan da take ciki a waya, su kuma suka tura gaba.

Ba a yi mako ba na rasa lokacin zama. Ƴan kabu-kabu masu babur suka riƙa tsayawa gaban rumfa, kowa da wayarsa a kunne, yana tambaya ko nan ne wurin tsohon nan mai rubutu. Ashe ba garin ne ya fi jan mutane ba, hannun ne. Matan ma'aikata suna aikowa, mutanen Tsibiri da ke kusa da mu suna aikowa, direbobin tasha suna ɗauka su kai garuruwan da ban taɓa zuwa ba, har hayin iyaka. Abokina na Jiratawa ya kira yana dariya, wai maƙwabtansa sun sayi zogalensu da ya je birni ya yi karatu ya dawo.

Hannuna ya kasa. In na wuni ina rubutu, yatsuna ba sa iya riƙe carbi da la'asar. Sai ƙanwata ta zaɓi takarda ɗaya wadda ta fi kyau, ta kai wurin masu fotokofi, ta dawo da dami. Zan faɗi gaskiya a nan, don ita ce ta fi ci mini rai. Na buɗe damin, na ga Bisimilla jere a saman kowace takarda, abin da ya zo mini a zuciya shi ne rubutuna ya yi kyau. Ban yi tunanin komai bayan wannan ba. Damin ya ƙare, aka sake wani, aka sake wani.

Cikin damina ne, an yi ruwa bayan azahar ya ɗauke. Na kai saƙo tasha ina dawowa a ƙasa, ina bin gefen kwata don kada babura su watsa mini taɓo. Ruwan kwatar baƙi ne, ya kwaso duk ƙazantar unguwa. Sai na ga wata ƴar takarda ta maƙale jikin ɓawon mangwaro, ruwan yana bi ta kanta. Tun kafin in sunkuya na gane jan alƙalamina.

Ban san lokacin da na shiga kwatar ba, da takalmi da riga. Na ɗauko ta. Da a ce tawadata ce ta gida da ruwa ya wanke ta, amma baƙin inji ba ya wankuwa. Sunan Allah na nan raɗau, ƙazanta ta shafe shi. Wani mai gyaran taya ya ce, “Malam, lafiya? Mi ya faɗi?”  Na tsaya cikin ruwan nan ina duba gaba da baya, ina tunanin nawa ne suka riga suka wuce.

Daga ranar idona ya koma ƙasa. Na samu ɗaya a juji bayan kasuwa, akuya na taka ta. Na samu ɗaya a bakin wani bayan gida na haya. Ranar kasuwar Tsibiri na tarar da mai tsire yana naɗe yaji a cikin wata, ya miƙa wa mai saye, shi kuma ya lashe ya yar. Na tambayi mai tsiren inda ya samu, ya ce matarsa ce ke tara masa, girmansu daidai yaji. Na ce ko ya san abin da ke rubuce. Ya ce shi boko ma bai iya ba balle wannan, ya ɗauka tambarin kaya ne.

Abinci ya daina shiga. In na ɗauki loma na ce Bisimilla, sai kwatar nan ta tsaya mini a ido. In na tsaya salla, haka. Abin da ke tsorata ni bai da wuyar faɗi: ranar da za a tambaye ni, ba ni da wanda zan nuna. Kowace takarda da hannuna take, ko da inji ne ya maimaita. Ni na san hukuncin, ni aka koya wa, su masu yarwar da yawansu ba su san ko harafi ɗaya ba. Kuma ban san iyakar inda suka kai ba. Da a unguwarmu ne, da na bi gida gida.

Na tafi unguwar Zariya wurin ƙanwata, na shimfiɗa takardun da na tsinto a kan tabarmarta. Ta toshe hanci.

Ta ce, “Yaya, ai su suka yar, ba kai ba.”

Na ce, “Wa ya ba su?”

“To ai ko kalanda ana sa sunan Allah.”

“Kalanda bango ake rataye ta. Ni cikin ledar abinci na sa, na aika wa mutanen da ban san ko fuskarsu ba.”

Ta tsura wa takardun ido. Can sai na ga ta dafe ƙirji. Ta ce, “Innalillahi. Yaya, waɗanda injin ya ɓata fa? Duk zuwan da na yi, akwai waɗanda suka fito a karkace. Ni da hannuna na zuba su a kwandon shara.” Ta fara kuka. Ban rarrashe ta ba, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Da ta natsu ta ce hanyar da ta kai su ita za ta dawo da su. Ta kunna wayar ta sa ni na yi saƙon murya, wanda suke ce wa bokal.  Na yi sallama, na ce ni ne tsohon nan mai garin zogale, na yi kuskure, takardar da ke cikin ƙullin tana ɗauke da sunan Allah, don girmansa duk mai ita ya ƙone ta a wuri mai tsabta ko ya dawo mini da ita, wanda ya tura hoton nan kuma ya tura wannan. Ta aika duk inda ta aika na farko, ta goge hoton daga wayarta.

Na zaci washegari rumfata za ta cika kamar wancan karon. Mutum biyu suka zo da takardu. Ƙanwata ta karanta mini amsoshin da aka yi. Wasu sun ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wata ta ce ita tun farko ta ga abin bai dace ba, amma ta yi shiru. Wani ya ce tsohon nan ya iya talla, ga sabon salo. Da yawa tambayarsu ɗaya, ko akwai sauran garin. Na ce mata me ya sa wancan ya yi gudu wannan ya tsaya. Ta ce, “Wancan akwai abin kallo, Yaya. Wannan tsoho ne ke magana, mutane ba sa kai ƙarshe.” Hoton kuwa, goge shi da ta yi bai hana komai ba. Bayan kwana biyu wata ƙawarta ta turo mata shi, tana tambaya ko ta san mutumin.

Sai na koma ƙafa. Na ajiye sabuwar ƙwarya a rumfa don tara takardun, na roƙi ƴan kabu-kabun da ke kai kaya su tambaya a duk ƙofar da suka taɓa ƙwanƙwasawa. Wasu sun yi, Allah ya saka musu. Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya. Na sake komawa Tsibiri na karɓi na matar mai tsire.

A wani ƙauye bayan Tsibiri aka nuna mini gidan wata tsohuwa da ake kai wa garin saboda ciwon ƙafa. Gidan masu bori ne, ba ta salla, ba ta ɓoye ba. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, ina jin nauyi. Ta miƙa hannu cikin jinkar ɗakinta ta zaro takardun a naɗe da zare, babu wadda ta yi datti.

Ta ce, “Ni ban san mi ke ciki ba, Malam. Amma na san irin rubutunku ne, ba a taka shi. Kai da ka sani, ƙaƙa ka sake su haka?”

Na ce, “Inna, abin da nake tambayar kaina ke nan.”

Da kaka ta yi, na kwashi duk abin da ya taru na tafi Jiratawa. Ni da abokina muka wanke masu dattin da ruwan rijiya, muka shanya, muka ƙone su cikin sabuwar tukunya, muka binne tokar a ƙarshen lambu inda ba a bi. Kafin mu rufe ramin na ga tokar ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ya dube ta ya dube ni ya ce, “Su ke nan?” Na ce su ke nan na samu. Shi kuwa ya san yawan buhunan da ya aiko mini.

Yanzu takardar da nake sawa bayanin sha ne kawai. Ciniki bai ragu ba, hoton yana ta yawo, ana ta kira. Duk wanda ya kira, kafin mu yi maganar gari sai na tambaye shi ko ya taɓa saye a da. Makon jiya wata mata ta kira daga wani gari mai nisa, ta ce ai ita tsohuwar mai saye ce, tun farkon fitowar hoton take sari tana raba wa ƴan unguwarsu, ƙullin da ya bi ta hannunta ba ya ƙirguwa. Na gyara zama, na ce, “Hajiya, don Allah takardun da ke ciki fa, ina suke?”

Ta ce, “Wace takarda?”